Hasken da ido ba ya gani: Yadda kyamara za ta mayar da rana dare a gonakin Bagwai

Duk wanda ya daɗe yana kallon finafinan Hausa ya san sin ɗin dare idan ya gan shi. Ko dai allon talabijin ya yi baƙi ƙirin, ba a ganin komai sai haƙoran jarumi da farin idonsa, ko kuma a ga fitila ɗaya tal ta haske bango, inuwar mai riƙe da makirfon ta fito ɓaro-ɓaro, ga kukan janareto yana gasa da muryar jaruma. Wani daraktan kuma ba ya wahalar da kansa. Da tsakar rana zai ɗauki abinsa, idan an je editin a zuba wa hoton shuɗi a ce dare ne, alhali ga sama can fari tas tana ƙaryata shi.

Haka abin yake a sin ɗin mafarki da na aljanu. Tun zamanin kaset dabarar ba ta canza sosai ba: a turara hayaƙi, a dusashe gefen hoto, a sa sauti mai amsa-kuwwa. 'Yan kallo sun haddace, har yara kan riga fim ɗin faɗa, "Mafarki yake yi!"

To, akwai wata dabara da ta girmi industirin Kano nesa ba kusa ba, wadda kuma manyan finafinan duniya suka sake farfaɗo da ita a 'yan shekarun nan. Ita ce ɗaukar hoto da hasken da Turawa ke kira infared, wato ɓoyayyen hasken da idon ɗan Adam ba ya gani amma kyamara tana gani. Abin da dabarar ta fi buƙata shi ne rana mai ƙarfi da ɗanyen ganye mai yawa da ruwa shimfiɗe. Wanda ya san Bagwai ya san an ambaci garin ke nan ba tare da an kira sunansa ba. Sai dai kafin wani furodusa ya cika bas da 'yan wasa ya kama hanyar Bichi, akwai abubuwan da ya kamata ya sani game da filta da kyamara da lensi, domin kuskure ɗaya a wajen zaɓe ya isa ya cinye kuɗin wuni guda na lokeshin.

Wane irin haske ne wannan?

A 1800 wani masani a Ingila mai suna William Herschel ya raba hasken rana da gilashi zuwa launukan bakan gizo, yana auna zafin kowane launi. Da ya ajiye ma'aunin a gaba da ja, inda babu launin komai, sai ya ga zafin ya ƙaru. Ashe akwai haske a wurin, ido ne kawai bai kai gare shi ba.

Masana na auna haske da wani ma'auni da ake kira nanomita. Idon mutum yana gani daga wajen 400 zuwa wajen 700. Daga 700 zuwa sama ɓoyayyen haske ya fara. Sensar da ke cikin kyamarar dijital, wadda ita ce ke karɓar hoto a madadin fim ko kaset, tana iya gani har zuwa wajen 1,100. Mai karatu na iya gwada wannan a ɗakinsa. Ya ɗauki rimot ɗin talabijin, ya saita kansa ga kyamarar waya, ya danna kowane maɓalli. A wayoyi da yawa zai ga ɗan ƙwan da ke kan rimot ɗin yana walƙiya fari-fari ko shunayya a allon wayar, alhali idonsa bai ga komai ba. Idan kyamarar baya ta ƙi nunawa, ya gwada ta gaba.

A nan ya dace a kashe wata jita-jita. Wannan hasken ba ya nuna aljanu, ba ya ratsa bango, kuma ba shi ne na kyamarar da ke nuna zafin jikin mutum a finafinan yaƙi ba. Waccan wata na'ura ce daban mai tsadar gaske. Abin da yake yi shi ne canza kamannin abubuwan da kowa ya saba gani. Ɗanyen ganye yana mayar da wannan haske da ƙarfi, don haka yake fitowa fari fat kamar auduga. Sama idan ta washe takan yi baƙi. Ruwa yana shanye hasken, shi ma sai ya yi baƙi. Gajimare kuwa yakan ƙara fari. Wani masani ɗan Amurka, Robert Wood, shi ya fara buga irin waɗannan hotuna a 1910, har yau kuma da sunansa ake kiran wannan farin ganyen.

Su wa suka riga aka gani?

A 1948 darakta John Ford ya yi fim ɗin kaboyi mai suna Fort Apache, inda mai ɗaukar hotonsa Archie Stout ya yi amfani da fim ɗin infared don sama ta yi duhu, gajimare ya fito tamkar a taɓa. A 1964 'yan Tarayyar Sobiyet suka yi Soy Cuba a ƙasar Kuba, darakta Mikhail Kalatozov da mai kyamara Sergei Urusevsky. A ciki gonakin rake da itatuwan kwakwa sun koma farare ƙal a ƙarƙashin baƙar sama, har yau ɗaliban fim na nazarin waɗannan hotuna. A nan Afirka, Richard Mosse ɗan ƙasar Ayalan ya shiga gabashin Kwango da wani fim na kamfanin Kodak mai suna Aerochrome, wanda asalinsa an yi shi ne don leƙen asiri daga jirgin sama. Dazuzzuka suka fito ja-ja da ruwan hoda, ga 'yan tawaye da bindigogi a tsakiya. An nuna aikin, The Enclave, a birnin Benis na Italiya a 2013.

Kodak ya daina yin waɗannan finafinan na ɗauka tun kafin 2010, amma dabarar ta koma kan dijital. A fim ɗin Nope na 2022, Hoyte van Hoytema ya haɗa kyamara biyu suna kallon abu ɗaya a lokaci guda, ɗaya ta infared ɗaya ta launi, aka ɗauki sina-sinan dare da rana tsaka, sannan aka haɗe hotunan biyu a kwamfuta. Wanda ya kalli fim ɗin zai rantse farin wata ne. Sai kuma Dune: Part Two na 2024, inda Greig Fraser ya ɗauki faɗan filin dagar nan na duniyar mugaye da kyamarar Alexa da aka yi wa gyara. Fatar 'yan wasan ta koma kamar ta gawa, idanunsu suka yi baƙi wuluk, ba tare da an zana komai a kwamfuta ba.

Wani zai ce ai waɗannan masu miliyoyin daloli ne. Gaskiya ne. Amma hasken da suka yi aiki da shi na rana ne, kuma ranar Kano ba ta karɓar ko sisi.

Me ya sa Bagwai?

Bagwai na arewa maso yammacin birnin Kano, tana maƙwabtaka da Bichi da Shanono. Ƙasa ce ta noma, ƙauye na kallon ƙauye, gona na manne da gona. Babban abin da ya bambanta ta shi ne madatsar ruwan Watari, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1970, da filayen noman rani da ke sha daga gare ta. Wannan ya sa ake samun kore a Bagwai a lokacin da wasu wuraren suka bushe ƙayau. Da damina ga gero da dawa da gyaɗa da shinkafa, da rani kuma ga albasa da tumatur da masara a bakin magudanan ruwa.

Ga mai kyamarar infared wannan aljanna ce. A ce a watan Agusta aka tsayar da jaruma a kan kunya a tsakiyar gonar gero da ya kai kafaɗa. Geron zai fito fari kamar an yi masa ruwan madara, ruwan dam a bayanta baƙi kamar kwalta, sama kuma ta yi duhu. Ba hayaƙi, ba fitila, amma duk wanda ya gani ya san an bar duniyar mutane.

Sai dai dole mai kyamara ya san itatuwansa kamar yadda manomi ya san su. Gawo yana da halinsa na daban: da damina yake zubar da ganye, da rani yake yin sabo. Ke nan a watan Agusta gawo zai tsaya tsirara, baƙi, kamar ƙwarangwal a tsakiyar farar gona, abin da ya dace da fim ɗin tsoro. A watan Fabrairu kuwa shi ne zai zama farar laima, kuka ta zama ƙwarangwal ɗin. Darbejiya da mangwaro ba sa ba da kunya, kusan duk shekara da ganyensu. Karan dawa da busasshiyar ciyawa kuma toka-toka suke fitowa, ba su da wannan farin mai ɗaukar ido. Darakta da ya rubuta sin ɗinsa da farar kuka a zuciya, ya zo Bagwai da bazara, ya yi asarar man mota.

Kyamara: a nan ake fara faɗuwa

Kamfanonin kyamara sun san sensa na ganin ɓoyayyen haske, kuma sun san yana ɓata launi a hoto na yau da kullum. Saboda haka kusan kowace kyamara an manna mata wani siririn gilashi a gaban sensa wanda aikinsa shi ne tare wannan haske. Ma'ana, kyamarar da aka sayo daga kanti an riga an rufe mata wannan idon.

Akwai hanya biyu. Ta farko ita ce a bar kyamarar yadda take, a ɗaura mata filtar infared a bakin lensi. Filta kamar rariya take, tana tare hasken da ido ke gani, ta bar ɓoyayyen ya wuce. To amma idan ya wuce sai ya tarar da wancan gilashin na ciki yana jiransa. Ɗan abin da ke tsira kaɗan ne, don haka dole idon kyamara ya zauna a buɗe na daƙiƙoƙi, wani lokaci har 30, ko da rana na tsakiyar ka. Dole a kafa ta a kan ƙafarta, wato tirayifod, kuma duk abin da ya motsa zai dusashe. Wannan hanya ta wadatar ga mai son hoton fosta na gona da dam da itatuwa. Ga fim kuwa ba ta da amfani, domin bidiyo na cin hoto 25 a kowace daƙiƙa, kowane hoto kuma rabonsa kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa. Furodusan da ya sayi filta kawai ya ɗaura wa kyamarar haya, abin da zai gani a allo shi ne duhu da ɗigo-ɗigo.

Hanya ta biyu ita ce tiyata. A buɗe kyamarar a cire wancan gilashin na ciki. Daga nan ko dai a maye gurbinsa da filtar infared ta dindindin, ko a sa farin gilashi mai barin kowane haske ya wuce, sannan a riƙa canza filta a bakin lensi yadda aka ga dama. Wannan ta biyun ta fi dacewa da ɗan fim, domin da kyamara ɗaya zai yi mafarki yau, gobe ya yi dare. Kyamarar da aka yi wa tiyata tana ɗaukar bidiyo a hannu kamar kowace. Akwai kamfanoni a Amurka irin su Kolari Vision da LifePixel da suka ƙware a wannan aiki, kuɗinsa kuma ɗaruruwan daloli ne ban da na aikawa.

Shawara a nan ita ce kada kowa ya kai babbar kyamarar kamfani a yi mata wannan aiki. Tun da Canon 5D Mark II ta fito a 2008 aka koma ɗaukar fim da kyamarar hoto, tsofaffin kyamarori sun taru a situdiyo-situdiyo na Zoo Road suna shan ƙura. Ɗaya daga cikinsu ce ta dace da tiyata. Idan kuma saye za a yi, marar madubi a ciki, irin su Sony da Panasonic na zamani, ta fi sauƙin sha'ani. Wanda ya ce zai buɗe da kansa da sukundireba ya sani cewa kyamara mai filasha tana ajiye wutar da za ta iya girgiza shi ko da an cire batir, kuma ƙura ɗaya da ta maƙale a ƙarƙashin sabon gilashi za ta fito a kowane hoto har abada. Aiki ne na rufaffen ɗaki, ba na lokacin hunturu ba.

Masu ɗaukar biki na da za su tuna Handycam ta Sony mai maɓallin NightShot, wadda ke ba da hoto kore-kore a cikin duhu. Ita ma infared ce. Maɓallin yana ture gilashin ciki gefe, wani ɗan ƙwai a gaban kyamarar ya haska wurin da ɓoyayyen haske. Haka kyamarorin tsaro na shaguna ke yi da dare. Matashin da ya samu irin wannan tsohuwar kyamara a kasuwar 'yan gwanjo ya samu makarantar koyo mai arha, duk da cewa ingancin hotonta ba zai shiga fim na yau ba.

Filta: kowace lamba da aikinta

Ana sayar da filtar infared da lamba, lambar kuma tana nuna inda rariyar ta fara barin haske ya wuce.

Mai lamba 590 tana barin ja da ɗan ruwan lemo su shiga tare da ɓoyayyen haske. Ita ce mai launi. Bayan an gyara a kwamfuta ganye kan koma ruwan zinare, sama ta yi shuɗi. Ta dace da waƙar mafarki, inda saurayi ke hango budurwarsa a wata duniya. Mai lamba 665 tana kusa da ita, sai dai launinta ya fi laushi.

Mai lamba 720 ita ce ta kowa da kowa. Shahararriyarta ita ce Hoya R72. Ganye fari, sama mai duhu, da ɗan ragowar launi da za a iya wasa da shi ko a kashe. Wanda kuɗinsa bai wuce na filta ɗaya ba, wannan zai saya. Ita ce kuma mafi dacewa da kyamarar da ba a yi wa tiyata ba, don 590 a kan irin wannan kyamara jan hoto kawai za ta bayar.

Mai lamba 830 zuwa 850, irin su B+W 093, baƙi da fari ce zalla. Sama takan yi baƙi ƙirin. Ita ce ta mayar da rana dare. A rage hasken hoton, a ɗan zuba shuɗi a wajen editin, sai rana ta koma farin wata. Amma a kula, gajimare shi ne ɗan tonon asiri, domin fari tas yake fitowa a cikin baƙar sama. Ranar da hadari ya taso ba ranar sin ɗin dare ba ce. Haka kuma idan ganye ya cika fari, mai kallo zai zaci ƙanƙara ce ta sauka a Bagwai, don haka sai an dushe shi.

Bayan lamba sai faɗi. Kowane lensi da girman bakinsa, a rubuce yake a jikinsa ko a bayan murfinsa. Ƙaramin lensin Canon 18-55 bakinsa milimita 58 ne, babban 24-105 mai jan zobe kuma 77. Dabarar masu tattali ita ce a sayi filta ɗaya babba mai 77, a sayi zobban ƙari masu arha da za su ɗaura ta a kan ƙananan lensuna. Filta marar suna mai arhar banza takan bar haske ya zurara ko ta dusashe hoto. Arha ba ta ado. Yara masu son gwaji kuwa na iya amfani da baƙin ƙarshen tsohon negatif na hoto mai launi, a ninka biyu a manna a gaban kyamara. Ba zai yi fim ba, amma zai nuna farin ganye. Gargaɗi ɗaya: filtar nan baƙa ce a ido, amma kada wanda ya kalli rana ta cikinta, don hasken da ke ƙona ido yana wucewa.

Lensi da fokas da fitila

Wani abin mamaki shi ne tsadar lensi ba ta nufin zai yi kyau a infared. Wasu lensuna masu tsada suna haifar da wani farin tabo a tsakiyar hoto, kamar an haska tocila. Tabon yana ƙara fitowa idan aka tsuke ƙofar lensi zuwa 11 ko 16, yana raguwa idan aka buɗe ta. Sau da yawa tsohon lensi mai sauƙi ya fi sabon mai zuƙowa. Maganin abin shi ne gwaji: a ɗauki sama ko farin bango da kowane lensi kafin a bar Kano.

Fokas ma yana gocewa, domin ɓoyayyen haske ba ya taruwa daidai inda na fili ke taruwa. Shi ya sa tsofaffin lensuna ke da ɗan jan ɗigo a jikinsu. A yau abin ya zo da sauƙi, a duba allon kyamara, a zuƙo fuskar ɗan wasa, a saita da hannu. Kafin a fara ɗauka kuma a saita farin kyamara a kan ɗanyen ganye mai shan rana, a madadin farar takardar da aka saba. Idan ba a yi haka ba hoton zai fito ja jawur. Sauran aikin, wato musanya ja da shuɗi don sama ta koma shuɗiya, na mai editin ne, a Photoshop ko DaVinci Resolve.

Fitilun LED da suka cika lokeshin a yau kusan ba sa ba da wannan haske, haka ma dogon ƙwai. Tsohuwar halojin mai zafin nan da aka yi wa ritaya ita ce ke ba da shi a wadace. A waje kuwa lokacin da masu kyamara suka fi tsana, daga hantsi zuwa azahar, shi ne lokacin infared.

Ko wanda bai taɓa niyyar ɗaukar infared ba ya taɓa cin karo da shi. Idan aka ɗaura filtar rage haske mai kauri, wadda ake kira ND, a ranar Kano, wani lokaci baƙar abaya kan fito ruwan ƙasa ko ja-ja. Ɓoyayyen haske ne ya saɗaɗa. Maganinsa filta mai alamar IRND.

Kaya da kwalliya da mutunci

A wajen Dune sai da aka gwada yadudduka ɗaya bayan ɗaya, domin wasu baƙaƙen kaya farare suka riƙa fitowa. Haka zai faru a nan. Rini da yawa ba ya tare wannan haske. Rinin baba na gargajiya ma kan washe, ke nan baƙin rawani ɗan Kura na iya komawa fari-fari a kan sarkin aljanu. Tawadar allo ta gawayi kuwa baƙa take zama. Fatar baƙin mutum takan yi haske ta yi sumul, ƙuraje su ɓuya, jijiyoyi su ɗan fito, ƙwayar ido ta yi duhu. Jarumar da ta ɓata awa biyu a gaban mai kwalliya za ta iya tarar da jambakinta ya ɓace. Waƙar da ake canza kaya kala bakwai kuwa a bar ta ga kyamarar launi.

Sai babbar magana. A 1998 Sony ya canza tsarin NightShot bayan an gano cewa da rana, idan aka haɗa da filta, tana iya ratsa wasu siraran yadudduka. A 2020 kamfanin OnePlus ma ya kashe wata kyamara a wayarsa 8 Pro saboda irin wannan ƙorafi. Ba kowane yadi ba ne, amma siririn mayafi da wasu yadudduka na roba suna cikin haɗari. Industirin da ta ga abin da ya faru a 2007, lokacin da hoton bidiyo guda na waya ya jawo aka dakatar da harkar fim a Kano na tsawon watanni, ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani. Dole a gaya wa kowace 'yar wasa irin kyamarar da za a ɗauke ta da ita. A gwada kowane kaya a rataye kafin a sa shi a jiki, mace mai kula da kaya ta duba allo da idonta, a yi amfani da yadi mai kauri da shimi. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, za ta ga abin da aka kai mata ne kawai. Abin da ya rage a katin kyamara amana ce a wuyan darakta.

Akwai kuma hakkin masu gari. Gonar da ta yi kyau a allo abincin wani gida ne na shekara. A fara da gaida dagaci, a nemi izinin mai gona, a bi kunya, abin da aka tattake a biya. Ba a kuma juya kyamara ga matan ƙauye da ke wanki a bakin ruwa.

Ruwan Watari ma ba abin wasa ba ne. Mutanen Bagwai ba su manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, da kwalekwale ya kife da mutane da dama, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. Wannan na daga cikin manyan amfanin dabarar. Sin ɗin da labari ya ce an yi shi a bakin dam da tsakar dare, ana iya ɗaukarsa da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, kowa na ganin inda zai sa ƙafarsa, babu wayar janareto a kusa da ruwa, kuma bas ta dawo Kano kafin magariba.

A yau da finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka saba wa 'yan kallo da hoto mai kyau, gasa ta koma kan wanda zai nuna abin da ba a taɓa gani ba. Mai son gwadawa ya fara da tsohuwar kyamara ɗaya da filta mai lamba 720, ya ware wuni guda na gwaji ba tare da 'yan wasa ba, ya dawo ya zauna da mai editin su duba. Idan abin ya yi, sin ɗaya ko biyu sun isa a fim guda, don gishiri ma idan ya yi yawa ɓata miya yake yi. Allah ya sa a dace.